Hoton Hadari a Kaduna: Fuskarka Gabas, Rana a Ƙeyarka

Hadarin Kaduna daga gabas yake tasowa. Kowace tsohuwa a cikin gida ta san haka, shi ya sa da ta ga gabas ta haɗe sai ta ce a kwashe shanya, ko da rana na ƙwallewa a tsakar gida. Damshin da ke zama ruwa daga kudu maso yamma yake zuwa, iska ce ke kwaso shi ƙasa-ƙasa daga Tekun Atlantika. Amma can sama, wajen kilomita 3 zuwa 4, akwai wata iska mai ƙarfi da ke busowa daga gabas, ita ke tura hadarin zuwa yamma. Mai kyamara ya tsinci dami a kala a nan. Bayan la'asar rana ta karkata yamma, hadari na gangamowa daga gabas, kai kana tsakiya. Haske na dukan gonaki, bishiyoyi da kwanon gidaje, a bayansu kuma sama ta yi baƙi ƙirin. Wannan haɗin shi ne hoton da ake nema. Da ruwa ya kece, komai ya koma toka-toka, abin da ya rage sai rufe kyamara.

Lokacin kuwa ɗan kaɗan ne. Irin hadarin da ke jeruwa a layi ɗaya yana tafiyar kilomita 50 zuwa 60 a awa, ke nan wanda ka hango a nisan kilomita 20 zai iso kanka cikin minti 20 ko 25. A ciki ma sau da yawa saman hadarin kan riga gindinsa isowa ya rufe rana, hasken nan mai ruwan zinariya ya mutu. Wanda sai ya ga hadari zai fara neman batir da memori ya riga ya makara.

Ba kowane watan damina ke ba da abu iri ɗaya ba. Daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuni ƙasa na da zafi, hadari na tashi da fushi, da ƙura ja a gabansa, da walƙiya mai yawa. A Yuli da Agusta, lokacin marka, sama kan yi luf da gajimare mara siffa, ruwa ya yini yana zuba ba tsawa sosai. Wannan lokacin duwatsu ne da hazo a wuyansu, da korayen gonaki, da ruwan Matsirga kusa da Kafanchan in ya cika. Daga tsakiyar Satumba zuwa Oktoba ruwa ya wanke iska tas, ana hango nesa, hadari ya sake komawa ɗai-ɗai da tsawa mai ƙarfi. A ganina waɗannan makonni na ƙarshe sun fi kowane lokaci daɗin aiki, don ƙura ba ta dusashe launi, ga dawa da masara sun yi tsayi a gaban hoto.

Tun da hantsi ake gane ranar da za ta yi. In gari ya yi zufa, iska ta tsaya cak, ƙananan gizagizai farare suka fara hawa sama kamar tulin auduga tun kafin azahar, to ka caja batir. Hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, zai gaya maka ko ana sa ran tsawa a jihar, amma abin da ya fi amfani shi ne hoton tauraron ɗan Adam mai motsi, irin wanda ake gani a manhajar Windy ko Zoom Earth. Duba gabas da Kaduna, wajen Jos da Bauchi. Tsaunukan Jos wuri ne da hadari ke yawan haihuwa da rana. In ka ga farin dunƙule yana girma a can yana matsowa yamma, auna tazarar da ya ci a awa ɗaya, za ka iya kintatar lokacin isowarsa.

Siffofin da ake farauta ba su da yawa. Akwai hasumiyar hadarin kanta, wadda a ƙasashe masu zafi kan kai kilomita 15 ko fiye, samanta ya baje kamar uwar maƙera. Ita daga nesa ake ɗaukarta, kilomita 30 ko 40, da idon kyamara, wato lens, mai jawo nesa na milimita 70 zuwa 200, musamman dab da faɗuwar rana lokacin da ƙasa ta yi duhu amma kanta na ci da jan haske. Akwai kuma dogon girgijen da ke kwance a gaban hadari kamar bakin rumfa, ƙasansa na murɗawa. Sanyayyar iskar da ruwa ya turo ƙasa ce ke kutsawa ƙarƙashin iska mai ɗumi ta ɗaga ta, sai wannan baki ya fito. Shi yana son ido mai faɗi, milimita 16 zuwa 24, don yakan cika sama daga kudu zuwa arewa. Ganinsa kuma sanarwa ce cewa iska mai ƙarfi na bayansa da 'yan mintuna. Na uku sai bayan hadari ya wuce: ƙasan girgije ya yi ƙulu-ƙulu yana reto kamar hantsar saniya. Da yawa sun riga sun shige ɗaki a lokacin, ba su ma san an yi ba.

Kuskuren farko da kyamara ke yi shi ne na awon haske. An gina ta ne ta mayar da duk abin da ta gani matsakaici, don haka in ka nuna mata baƙin hadari sai ta ɗauka duhu ya yi yawa, ta ƙara haske, hadarin ya fito fari-fari kamar hayaƙin bola. Maganinsa maɓallin nan mai alamar +/-. Sauke shi zuwa -0.7 ko -1, wani lokaci har -1.3. Kada ka yarda da abin da allon kyamara ke nuna maka, don a duhun hadari allo kan yi haske fiye da gaskiya. Duba histogiram, zanen tudun da ke nuna yawan duhu a hagu da yawan haske a dama: in tudun ya manne a bangon dama, farin gefen girgije ya ƙone, kuma abin da ya ƙone ba ya dawowa a gyara. Ɗauka a RAW, tsarin da ke ajiye duk bayanan da kyamara ta kwaso, in kyamararka ko wayarka na da shi. Sama mai launi ɗaya da ke sauyawa a hankali ita ce ta fi saurin tona asirin JPEG, tsarin hoton da aka matse, da ka ɗan taɓa ta sai ta rabu layi-layi.

Da rana, fara da ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, a 100 ko 200, ƙofar haske, wato ramin da haske ke shiga ta cikinsa, a f/8. Ƙiftawa, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗe idonta, kada ta gaza 1/250 in iska na kaɗa bishiyoyi, in ba haka ba ganye zai fito a dame. In haske ya ragu, gara ka ɗaga ISO zuwa 800 da ka bar ƙiftawa ta yi nauyi a hannu. Launin haske kuma ka cire shi daga AWB, inda kyamara ke zaɓa da kanta, ka ɗaure shi a alamar rana, wajen 5500K. In ka bar wa kyamara zaɓi, za ta ga shuɗin hadari ta ce kuskure ne ta gyara, ta ga jan ƙura ta gyara, hotuna goma a jere su fito da launi goma.

Bakan gizo ma lissafi gare shi. Kullum yana kishiyar rana, a da'irar digiri 42 daga inda inuwar kanka ta faɗa, kuma ba ya bayyana sai rana ta sauko ƙasa da digiri 42. A Kaduna hakan na farawa wajen ƙarfe 4 na yamma. Tunda hadarinmu daga gabas yake zuwa, mu kan samu bakan gizo kafin ruwa ya iso, a jikin labulen ruwan da ke tahowa. Daga Mayu zuwa Yuli rana na faɗuwa ta ɗan karkata arewa, don haka neme shi gabas ta ɗan kudu. Faɗinsa duka digiri 84 ne, sai ido na milimita 18 ko ƙasa a kyamara mai babbar sensa, wato farantin cikinta da hoto ke sauka a kansa, zai ɗauke shi gaba ɗaya. A waya, danna 0.5 ko 0.6. Filtar CPL, gilashin da ake ɗaurawa a bakin ido don rage ƙyalli, tana ƙara masa kala in ka murɗa ta daidai, in ka zarce kuma ta share shi ƙaf kamar ba a yi ba. Tana kuma cin haske kusan mataki 2, wato ta rage shi zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ka tuna da hakan.

Sama kaɗai ba ta isa hoto ba. In babu abin da ido zai auna girman hadarin da shi, ba a bambanta shi da hayaƙi. Ba ƙasa kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na hoton, ka sa wani abu sananne a ciki: giginya, kuka, hasumiyar masallaci, layin dogo, garken shanu, kwale-kwale a Kogin Kaduna. Bakin kogi ta wajen Gamji na ba da fili da ruwan da ke maido da hasken sama. Duwatsun Kajuru, Dutsen Kufena a Zariya da tsaunukan Kagoro duk suna da kyau, amma a matsayin abin da ake ɗauka daga ƙasa, daga nesa. Hawa kansu da hadari a sama ganganci ne. Wurin tsayuwa ana nemo shi ne ranar da babu hadari: inda gabas take a buɗe, babu wayoyin lantarki a gaba, mota na iya tsayawa kusa. Kaduna gari ne mai barikoki da makarantun soja, kada ka doshi wajensu da kyamara, kuma ginin gwamnati a nemi izini tukuna. Fita bayan gari kuwa sai an tambayi mutanen wurin halin da hanya ke ciki, a kuma dawo da sauran haske. In mutum zai fito a gane shi, mai gasa masara ce tana jan leda kan kayanta ko makiyayi, yi sallama ka tambaya.

Sai walƙiya, wadda ita ce ke jan yawancin mutane zuwa wannan aiki. Ba a kama ta da saurin yatsa. Kafin ka danna ta wuce. Buɗe kyamara ake yi a bar ta tana jira, walƙiya ta zo ta rubuta kanta. Don haka dole sai da ƙafa-uku, abin da ake kafa kyamara a kansa. Juya zuwa M, inda kai ke saita komai da hannu, ISO 100, f/8, ƙiftawa sakan 10 zuwa 20 in dare ya yi. Sa kyamara ta riƙa ɗauka a jere da rimot mai kulle ko da agogon da ke cikinta, ɗaya na ƙarewa ɗaya na farawa. Cikin hoto ɗari wataƙila biyar ne za su kama wani abu, sauran a goge.

Abin da ke rikita sababbi shi ne, tsawon ƙiftawa ba ya ƙara wa walƙiya haske ko ya rage. Ita ƙasa da sakan ɗaya take yi, ko ka buɗe sakan 5 ko 30 haskenta ɗaya ne. Ƙofar haske da ISO ne ke iko da ita, ƙiftawa kuma na iko da hasken gari da na sama. In zaren walƙiya ya fito fari fat, ya yi kauri ba rassa, matse ƙofa zuwa f/11. In ya fito siriri a dushe saboda nisa, buɗe zuwa f/5.6 ko ka kai ISO 400. In fitilun unguwa ne suka cika hoton da ja, rage sakan. Ka kuma sa ran za a iya ɗauke wuta da iska ta taso. Gari zai yi duhu lokaci ɗaya, sai ka ƙara sakan, sau da yawa ma hoton ya fi kyau a haka. Wanda ya ga sai ya kai f/16 kafin walƙiya ta daina ƙona masa hoto, ya sani ta yi kusa da yawa, tashi ya kamata ya yi.

Saitin ido, wato daidaita shi don hoto ya fito tar, shi ke kashe hotunan dare fiye da komai. A duhu AF, wato saitin atomatik, ba ya samun abin kamawa, sai ya yi ta kai da komo. Mayar da shi MF, saitin hannu, nemi fitila mafi nisa, ta kan eriyar waya misali, girmama ta sau 10 a allo, murɗa zoben har ta zama ɗigo mafi ƙanƙanta, sannan ka manne zoben da salatif. Kada ka dogara da murɗawa har ƙarshe, yawancin idanun zamani suna zarce alamar ∞, ta nesa mara iyaka. In ka taɓa zum, sake saiti. Kashe mai hana rawar hannu, wanda Canon ke rubuta IS, Nikon kuma VR, don a kan ƙafa-uku yakan haifar da rawar da babu ita. Kashe kuma mai rage dusar doguwar ɗauka, wato ɗige-ɗigen da ke ɓata hoton dare: bayan kowane hoton sakan 20 yakan rufe kyamara wasu sakan 20, kuma a nan ne walƙiyar da ta fi kyau za ta sauka.

Mafi kyawun lokaci shi ne tsakanin faɗuwar rana da duhu, sa'ad da sama ke da sauran shuɗi, siffar girgije da ƙasa na fitowa, ƙiftawar sakan 2 zuwa 5 ta isa. A nan kusa da tsakiyar duniya wannan haske bai fi minti 20 zuwa 25 ba, kuma daidai magariba yake faɗowa, wajen 6:45 zuwa 7 a watan Yuni, kusan 6:10 a tsakiyar Oktoba. Ɗaukar jere ta warware wannan: kafa kyamara a baranda inda feshi ba ya kaiwa, kunna ta, ka je ka yi salla. Sai dai haske na raguwa da sauri, saitin da ya yi daidai a farko zai yi duhu bayan minti 10, don haka fara da ɗan haske fiye da yadda kake so. Walƙiyar tsakar rana ta fi wuya. Akwai 'yar na'urar da ake ɗorawa a kan kyamara, tana ganin ƙyallin farko ta danna. Tana aiki ne saboda walƙiya ɗaya takan maimaita saukarta sau 3 ko 4 a hanya guda, tsakaninsu kusan kashi 1 cikin 20 na sakan. Da ita ana sa 1/8 ko 1/15 a f/11 zuwa f/16.

Mai waya ma yana da rabo. Da yawa daga wayoyin Tecno, Infinix, Redmi da Samsung suna da sashen Pro a kyamararsu, inda za ka sa ISO mafi ƙasa, ka ja S, wato ƙiftawa, zuwa sakan 4 ko fiye, ka tura saitin ido zuwa alamar dutse. Jingina wayar da bulo ko ka ɗaure ta a ƙaramin ƙafa-uku, ka sa jinkirin sakan 2 don kada taɓawarka ta girgiza ta. Guji sashen dare na atomatik, hotuna da yawa yake haɗawa, yakan zubar da wanda walƙiya ke ciki. Wata hanyar ita ce bidiyo a 4K, daga baya a ciro hoton da ya kama. Aibinta, sensar waya layi-layi take karanta hoto daga sama zuwa ƙasa, sai ka ga rabin hoton da haske rabi da duhu. Babu gyaran wannan, sai dai a zaɓi wanda ya tsira.

Yanzu maganar rai. Sauti na tafiyar kusan kilomita 1 a sakan 3. Da ka ga walƙiya fara ƙirga har ka ji tsawa, ka raba da 3, ka samu nisanta. In ƙirgarka ba ta kai 30 ba, wato kilomita 10, kana inda aradu za ta iya kaiwa, kuma takan faɗi nesa da inda ruwa ke zuba, a wurin da ko ɗigo bai sauka ba. Mafaka biyu ce: cikin ginin gaske mai bango da rufi, ko mota mai rufin ƙarfe da gilasai a rufe. Ƙarfen jikin motar ne ke zagaye da wutar ya kai ta ƙasa, taya ba ta da hannu a ciki. Keke Napep, babur, rumfar mai shayi, gindin mangwaro ko dalbejiya, duk ba mafaka ba ne. Baranda ma ta kyamara ce, kai ka koma ciki da rimot mara waya. Saman bene, bakin tankin ruwa, filin ƙwallo da bakin kogi su ne wurare mafi muni. Bayan tsawar ƙarshe a jira minti 30. Iskar farkon damina kuma na yaye kwano, ta karya allunan talla da turakun lantarki, kada ka ajiye mota ƙarƙashinsu. Kogin Kaduna na iya cika da ruwan da aka yi can sama alhali a gari ko yayyafi ba a yi ba, don haka kada ka sauka kan duwatsun tsakiyarsa a Agusta da Satumba.

Kayan aiki ƙura ce ke fara cin su kafin ruwa. Kada ka canza ido a waje in iska ta taso. Ƙurar da ta shiga sensa za ta fito ɗigo-ɗigo a sama, musamman daga f/11 zuwa sama. Zaɓi ido ɗaya tun a mota. Ƙafa-uku kada a zaro sandarta ta tsakiya, a buɗe ƙafafun sosai, ɗaya ta fuskanci inda iska ke turawa. In za ka rataya jaka don nauyi, bari gindinta ya taɓa ƙasa, jakar da ke lilo ta fi rashinta illa. Cire igiyar wuya, tana kaɗawa tana girgiza kyamara. Rigar ruwa kuwa farar leda mai kauri ta isa: huda gindinta, fito da bakin ido, ɗaure da robar kuɗi a kan hular ido, zoben da ke yi wa gilashi inuwa. Riƙe ƙyalle mai laushi biyu ko uku a aljihu, ka duba gilashin bayan kowane hoto biyar, don ɗigo ɗaya kan ɓata jere guda ba ka sani ba. In ka fito daga mota mai sanyin AC, gilashi zai yi gumi nan take. Kashe sanyin minti 15 kafin ka isa, ko ka bar kyamara a jaka ta saba da iskar waje.

A wajen gyara, hannu ya yi sauƙi. Rage hasken wuraren da suka yi fari, ɗaga inuwar ƙasa kaɗan, ƙara bambancin haske da duhu a girgije daidai misali. Alamar an wuce gona da iri ita ce farin zobe a gefen bishiya ko dutse, da sama mai launin da ba a taɓa gani a Kaduna ba. Ana iya ɗora hotunan walƙiya da yawa a kan juna su zama ɗaya, amma in ka yi haka ka rubuta a ƙarƙashinsa cewa haɗi ne. Turawa ta WhatsApp kuma a tura a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse hoton, baƙin hadarin ya farfashe.

Da ka dawo gida kada ka bar kyamara a jakar da ta sha damshi. Goge ta, zaro zum ɗin gaba ɗaya ka share jikinsa, cire batir da memori, bar ƙofofinsu a buɗe ta sha iska awa ɗaya ko biyu. Damshin Agusta na sa fumfuna ta tsiro a cikin gilashi kamar saƙar gizo-gizo, in ta daɗe kuma tana cin rufin gilashin har abada. Samu roba mai murfi da ke rufuwa gam, zuba ƙullin silika a ciki, irin ƙananan ƙwayoyin da ke zuwa a kwalin sabon takalmi, amma da yawa, kamar cikin kofi ɗaya. Sa ƙaramin ma'aunin damshi ka riƙe shi tsakanin kashi 40 da 50 cikin ɗari. In ya haura 60, silikar ta ƙoshi: juye ta a faranti, gasa ta a wuta mara ƙarfi, wajen digiri 110 zuwa 120 a ma'aunin Celsius, na awa 2, ta huce a rufe, sannan ka mayar.